Awarwaron da Baffa ya yanke

Jiya na ji kafinta yana yankan katako, sai Baffa ya faɗo mini a rai, yayan mahaifina, kafintan garin Ɗansoshiya a zamanin Turawa. Ba ya ɗora zarto a kan komai sai ya shafa masa man shanu.

Ina da cikin fari hannuna ya kumbura, har awarwarona na sanholo, farin ƙarfen nan mai laushi, ya nutse cikin tsoka, yatsuna suka fara baƙi. Maƙerin garin kuwa ya yi tafiya. Da Baffa ya ɗauko zartonsa na yankan katako, na ce, "Baffa, ai wannan ba na ƙarfe ba ne."

Ya ce, "Sanholo ba shi da taurin kai, 'yata. Ke dai kau da ido."

Ya cusa guntun fata ƙarƙashin awarwaron, ya riƙa ja a hankali. Ina jin ɗumin ƙarfen, farin garinsa yana zuba a zanena. Da ya yanke, ya buɗe shi, na fashe da kukan daɗi. Shi kuwa ya goge zartonsa ya ajiye.

Allah ya yalwata masa kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa.