Ranar da Anti Gwaji Ta Karya Kujerar Manaja

Har yau, in aka ambaci Anti Gwaji a kamfanin kujeru, zancen kujerar manaja ne ke fara fitowa. Mai shara ne ya fitar da kujerar zai goge ofis, ya jingine ta a ƙofar ɗakin gwaji. Ita kuwa Anti, duk abin da ta tarar a ƙofarta na gwaji ne. Ta ɗaure ta a inji, ta buɗe iska. A dannawa ta ɗari uku da sha biyu, ƙafar baya ta ce ɓas.

Shekara sha huɗu ke nan tana wannan aiki. Injin nata wata sandar ƙarfe ce da iska ke turawa, ta danna mazauni da nauyin ƙaton mutum, ta saki, ta kuma dannawa, har sau dubu hamsin. Kullum da safe sai ta tsiyaye ruwan da ya taru a tankin iska, ta kasa kunne ko wani bututu na huci. Halin ya bi ta har gida. Mijinta ya ce ko bokiti ya sayo, sai ta hau kan bokitin ta gwada tukuna.

Manaja ya faɗo ɗakin rai a ɓace. "Wa ya ba ki kujerata?"

"A ƙofata na same ta, yallaɓai." Ta nuna masa inda walda ta rabu. "Kuma ƙannenta ne, walda iri ɗaya, kujeru ɗari huɗun nan da za a kai makaranta jibi, waɗanda aka ce ba sai an gwada ba."

"An riga an loda mota."

"Sai a sauke. Yara ne za su zauna. Ba zan sa hannu ba."

Ya tuna mata cewa masu neman aikinta suna da yawa. Duk da haka ta je da kanta ta sauko da uku daga motar. Kafin a tashi aiki, biyu sun karye a wuri guda. Aka sauke kaya, aka kwana huɗu ana sake walda, manaja yana aiki a kan benci.

Yanzu in ta wuce, masu walda kan rungume kujerunsu. "Anti, a yi mana rai, ko manaja ba ki bari ba!"

Ba ta ko tsayawa. "Ni tambayar kujerar kawai na yi ko za ta iya ɗaukar mutum. Ita ta ce a'a."