Kawu ya dawo karɓar jif



Ina loda kaskon ƙosai a jif, zan hau tudu daga unguwar Comércio da ke bakin teku, sai ga Kawu Sale. Shi ya ba mijina motar nan kyauta tana ruɓewa a bayan gidansa. Mijina ya kankare tsatsar iskar teku, ya canza birki, ya ta da injin. Yanzu ita ke kai ni sana'a kullum.

Sai Kawu ya ce wai, "'Yata, miƙo makullin. Dama aro na ba ku."

Na ce, "Kawu, akurkin kaji fa ka ba mu. Bari mu cire wahalarmu, ka tura abinka."

Ya ce ba ni da kunya. Makulli dai na ƙulle shi a haɓar zanina.

Jama'a, tsakani da Allah, waye marar kunyar?