Sunan 'Yar Fari

A gidanmu ba a kiran sunan ɗan fari. Uwata har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran na yayanmu ba, sai dai ta ce "wancan" ko "mutumin naku". Da na haifi tawa ta fari ni ma na bi sawu. Ana yaye ta uwar mijina ta goya ta sai Kwaya, ko ƙofar gida ban raka su ba, kada a ce ga mara kunya tana bin 'yar fari da ido. Na shiga ɗaki na sha kukana, na wanke fuska na fito na ci gaba da tankaɗe. Yarinya ta tashi tana ce wa kakarta Inna, ni kuma tana ce mini Yaya.

Aikin jinya nake yi a wata ƙaramar likita, wato asibitin ƙauye, ba nisa da Kwaya. Majo ake ce mini, wato babbar ma'aikaciyar jinya, ko da yake ban kai ba. Kowa ya san bakina. Namijin da ya bar matarsa ta kwana biyu tana naƙuda sannan ya ɗoro ta a amalanke, sai ya gwammace kiɗa da karatu in na fara. Amma gaban yarinyar nan harshena mutuwa yake yi.

Tana aji uku a lakkwal, makarantar boko, ta fara rama, ga shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, ga fitsarin kwance da girmanta. Inna ta yi ta jiƙe-jiƙe. Ni na gane abin da nake gani, amma ko a nan sai na bi ta bakin mijina, na ce ya kai yarinyar can Magarya a auna ta. Ciwon sukari ne, irin na yara, wanda sai da allura safe da yamma. Muka samo ƙaramar tukunya muka binne ta a jiƙaƙƙen yashi bayan randar Inna, nan kwalbar magani ke kwana. Ni na koya mata yi wa kanta allura, idona a kan allurar, ba a kan fuskarta ba.

Abin tsoron shi ne hantsi. Ta yi allura da safe, ta sha kunu, ta taka zuwa lakkwal, kafin rana ta take sukarin jikinta ya yi ƙasa. Sau ɗaya ta faɗi a hanyar komowa, masu ɗiban ruwa suka kawo ta gida. Ranar Inna ta rantse, in jikarta ta sake faɗuwa saboda boko, to ta gama, ta zauna kusa da ita inda idonta ke gani. Yarinyar kuwa karatun nan shi ne ranta. Ta yi kuka har muryarta ta dishe, ina zaune ina jin ta.

Daf da komawa lakkwal aka kira mu formasiyo, wato horo, a Magarya, mu ma'aikatan jinya na ƙauyuka, daga Waca, daga Yekuwa, har daga wajen Dungas. Wata lokotoro ce, babbar likita, ta zo daga Damagaram, gajeriya mai muryar maza. Aikin da za a ba mu shi ne mu shiga makarantun da ke da yaro mai wannan ciwo, mu nuna wa malamai abin yi. A bar yaro ya fita fitsari ba sai ya yi roƙo ba. A bar shi ya ci abu a aji. In aka ga gumi da rawar jiki, ko yaro ya yi zuru yana maganar da ba kai, to sukari ne ya sauka. Kafin a sa masa komai a baki, ta ce, a durƙusa a kira sunansa da ƙarfi. In ya amsa, a ba shi ruwan sukari. In bai amsa ba, kada a kuskura a ɗura masa ruwa, a kwantar da shi a gefensa, a shafa sukari a cikin kumatunsa, a nemi majo.

Da aka zo gwaji ba wanda ya kai ni. Wani ƙaton majo na Yekuwa ya kwanta a tabarma wai shi ne yaron, na kwaɗa masa kira har mai shayi na waje ya leƙo. Aka yi ta dariya. Da lokotoro ta tambaya ko akwai wanda ya san yaro mai ciwon, na sunkuyar da kai na ce akwai wata yarinya wajen surukata. Matan yankinmu suka gane, suka yi murmushi. Ita kuwa ta ce madalla, lakkwal ɗin Kwaya ta zama tawa.

Mushen ajin, malaminsu ke nan, sabo ne, saurayi, daga can yamma aka turo shi, Hausarsa ma tana tuntuɓe. Ranar da na je iyaye sun zo, Inna ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofar aji ta zauna. Yarinyar tana benci na biyu, kusa da ƙawarta, wata 'yar lukuta mai ido a tsaye, 'yar mai ƙuli-ƙuli. Na yi bayani tiryan-tiryan, mushe yana ta rubutu a kayensa, littafin rubutu. Sai aka zo wurin nunawa. Na nufi bencin nan, na ji idon Inna a bayana, da idon duk matan da suka san ni tun ina amarya. Wallahi hannuna da kansa ya kauce, ya kamo 'yar lukutar.

Na kwantar da 'yar mutane, na kira sunanta da babbar murya, na tallabo kanta, na jefa mata ƙwayar sukari a baki. Ta tsotse tana lumshe ido, yara suna ƙyalƙyala dariya. Na miƙa wa mushe gwangwanin sukari na ce ya ajiye a tebur. Ya dubi yarinyar da kyau ya gyaɗa kai. Ban ce ita ce ba, ban kuma ce ba ita ba ce. A raina duk Kwaya an san mai ciwon, har awaki. Na manta baƙo ko da ido makaho ne. Na hau babur ina jin na yi aiki.

Abin da ya biyo baya daga baya na ji shi. 'Yar lukuta ta samu tsuntsu daga sama gasasshe. Da ta dafe kai sai mushe ya zabura ya kawo sukari, in ta ɗaga hannu sai ya ce ta fita. Tawa kuwa da ya kama ta tana cin dabino a ƙarƙashin benci, ya karɓe, ya ce mai ciwo kaɗai aka yarje wa. Ba ta ce masa komai ba, ba ta kuma gaya wa Inna ba, don ta san abin da Inna ta rantse a kai. 'Yan ajin duk sun sani, amma wane yaro ne zai gyara wa mushe zance?

Wata rana da hantsi, bayan an gama yankan hatsi, ina cikin awon jarirai wayata ta yi ƙara. Mushen ne, yana haki.

"Majo, wata ta faɗi. Ba mai sukarin ba ce, wata daban ce, siririyar da ke zama kusa da ita."

A take na ga abin da na aikata, tun daga bencin nan. Na ce ya kwantar da ita a gefe, ya shafa mata sukari a kumatu, kada ya ba ta ruwa. Na bar mata da jariransu na tare ɗan kabu-kabu. Duk hanyar nan ta rairayi ina dukan bayansa ina cewa ya ƙara wuta, shi yana cewa in bari kada in kashe mu.

Na tarar da ita ƙarƙashin itacen bedi, mutane sun yi mata zobe. An tura yara ban ruwan itatuwa ne tun safe, a bakin rijiya ta zube. Inna na tsugune a kanta, wata tsohuwa har ta kawo garwashi za ta yi hayaƙi wai iska ce. Rigarta ta jiƙe sharkaf da gumi. Na durƙusa na ce, ke. Ke yarinya. Ko motsi.

Mushe, wanda ya riƙe karatuna fiye da ni, ya ce a hankali, "Majo, kin ce suna ake kira."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na buɗe baki na kira sunan. Na farko ko ni ban ji ba. Na sake. A na uku na ƙwala shi yadda na yi wa ƙaton Yekuwa, har tsuntsaye suka tashi daga bedin. Ta buɗe ido, ta neme ni da kallo, ta ce na'am.

Na ɗago ta na jingina a ƙirjina ina ba ta ruwan sukari kaɗan-kaɗan, sannan aka kawo fura. Da na ga idonta ya dawo, na dubi mushe na ce masa wannan ce mai ciwon, 'yata ce, ni na haife ta. Mata suka kama baki. Inna ta ja mayafi ta kau da kai. Ni kuwa da ƙasa ta tsage da na shige, kuma ban san wace kunyar ta fi cina ba, ta faɗar da na yi ko ta shirun da na yi a baya. Bawan Allah ya shiga ba ni haƙuri, har yana faɗin dabinon da ya karɓe mata, na ce ya bari, ba laifinsa ba ne.

Ina jiran Inna ta cika rantsuwarta. Ta miƙe ta kaɗe zane, ba ta dube ni ba, mushen ta yi wa magana. Ta ce tunda yanzu ya san ta, gobe yarinyar za ta zo aji, kuma ya mayar mata da dabinonta.

Muka kama hanyar gida a ƙasa, Inna a gaba, mu a baya, yarinyar ta rataye a kafaɗata. Ban taɓa tafiya da ita haka a bainar jama'a ba. Mun kusa ƙofar gida ta matso da bakinta kusa da kunnena, don kada kakarta ta ji.

"Yaya, ashe kin san sunana."

Na gyara mata kallabi muka shiga gida.