Tiyon Da Na Naɗe Da Hannuna

Ranar wata Laraba ce a ƙarshen kaka, shekarar da na shiga aji huɗu, na taso daga makaranta na biya gida na zarce garkar Baba da ke bayan Ƙofar Guga don in kai masa fura, sai na tarar da shi yana sare jigonsa da gatari. Na tsaya da ƙwarya a hannu, baki buɗe. Jigon nan ya girme ni, ya girmi auren Inna, kakanmu ne ya kafa shi a bakin rijiya, kuma da shi Baba ke jan ruwa tun asuba yana kwarara wa fangali ɗaya bayan ɗaya har kafaɗunsa suka yi kanta. A gefe ga wata farar a-kori-kura ɗauke da shuɗin duro da naɗin baƙin tiyo siriri. Kusa da ita wani saurayi mai tsabta yana murmushi, shi ne Malam Sanusi, malamin gonar da wata ƙungiya mai ofis a GRA ta turo. Ana neman itacen da za a yi wa duro gado a ɗora shi sama, ba a samu ba, Baba ya ce ai ga jigo, tunda daga yau ya gama aikinsa.

Abin da Malam Sanusi ya kawo shi ake kira ban-ruwa na ɗigo. A cika duro da guga safe da yamma, ruwa ya bi tiyo, ya riƙa ɗiga ta 'yan huji a gindin kowace shuka, shi ke nan. Sai dai tsarin ba ya tafiya da fangali, don haka Baba ya baje dukkan fangalin da ya gada, ya ja dogayen kunyoyi goma sha biyu, ya dasa tumatir a jere. Maƙwabcinmu na garka, Baba Ɗanjuma, wanda bakinsa ba ya gani ya ƙyale, ya leƙo ta kan shinge ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Iro, zanen aro hwa ba ya rufe katara." Baba ya ce ba aro ba ne, Malam ya rantse masa kyauta ce, kayan sun zama namu. Malam Sanusi kuma ya yi dariya ya ce a bar tsoho da tsufansa, "da yayyafi kogi kan cika."

Kuma wallahi kogin ya fara cika. Baba da ke dawowa gida kamar an yi masa duka ya koma dawowa da sauran ƙarfinsa, har yana zama a tsakar gida yana gyara wa ƙannena motar kara. Matsala ɗaya ce, ruwan rijiyarmu yana da yashi, sai 'yan hujin su riƙa toshewa. Inna ta sadaukar da tsohon jan mayafinta aka ɗaure a bakin duro ya zama mataci, ni kuma na gano cewa ƙayar aduwa daidai take da hujin. Daga nan aikin ya zama nawa. Da an tashi makaranta, in na wanke kwanuka na share tsakar gida, sai in bar ƙawayena suna 'yar gala-gala da carafke a ƙofar gida, in ruga garka, in bi kunyoyi a durƙushe ina tsokane duk hujin da na ga gindinsa ya bushe. Ƙawayena suka laƙaba mini "Indo likitar tiyo", ni kuwa ko a jikina, har daɗin sunan nake ji. Babu mahaɗar da ban sani ba a cikin tiyon nan, na san wadda ake murɗawa da wadda ake ja.

Malam Sanusi ya zama ɗan gida. In ya zo sai Inna ta yi dambu da zogale, ya zauna a zaure shi da Baba su sa hannu a kwano ɗaya. "Ƙanwata" yake ce mini, ya taɓa kawo mini biro mai launi huɗu da na yi wata guda ina yi wa 'yan ajinmu yanga da shi. Da tumatir ya yi kore shar ya fara fure, sai ya ce manyan baƙi za su zo. Ranar Inna ta goge mini kayan makaranta da dutsen guga na gawayi, motoci suka cika bakin garka, aka tsayar da ni kusa da duro na karanto bayanin da Malam ya koya mini. Aka tafa, aka ɗauki hotuna, wata mata mai tabarau ta shafa kaina. Baba yana tsaye a gefe cikin rigarsa ta Juma'a, fuskarsa kamar an ba shi kujerar Makka.

Kwana tara bayan nan, ranar Juma'a, Baba ya tafi masallaci ya bar ni ina gadin awaki kada su keta shinge. Sai ga a-kori-kura. Malam Sanusi ya sauko da fara'arsa ya ce, "Ƙanwata, zo ki taya mu. Za mu kai kayan nan a wanke da inji, jibi mu dawo maku da su har da ƙari." Murna ta kama ni, don na gaji da yashi. Direbansa ya fara fizgar tiyo, na ce masa a'a, ba haka ake yi ba, zai yage. Ni na nuna musu inda ake murɗawa. Ni na bi kunyoyi goma sha biyun nan na zare tiyo daga gindin tumatir a hankali don kada fure ya kaɗe, na naɗe su tsaf na miƙa. Malam ya ba ni alewa biyu, na shanye kafin ƙurar motarsu ta kwanta.

Da Baba ya dawo ya daɗe tsaye yana kallon gadon duro babu duro. Ya ce, "Wa ya kwance?" Na ce ni ce, ina jiran yabo, na maimaita masa abin da Malam ya faɗa. Bai dake ni ba, bai ko ɗaga murya ba, kuma har yau nakan ce da ma ya dake ni. Jibi ta zo ta wuce. Zafi ya fara shigowa, ga tumatir cikin fure, lokacin da ba ya haƙurin ƙishirwa ko ta yini ɗaya. Babu jigo, babu fangalin da zai riƙe ruwa. Muka koma bin shuka ɗaya-ɗaya da gwangwani, ni da Baba, amma kafin mu kai ƙarshen kunya farkonta ya bushe. Baba Ɗanjuma bai ce "ai na faɗa" ba, ya dai fasa shingensa ya turo mana ruwan jigonsa, sai ruwan ya bi kwarin kunya ya wuce abinsa. Kunyoyi biyu kawai suka rayu, na ɓangaren Baba Ɗanjuma.

Rana ta bakwai Baba ya goya ni a keke muka tafi GRA. A harabar ofishin muka ga a-kori-kurar, a bayanta ga duronmu, jan mayafin Inna yana nan ɗaure a bakinsa. Maigadi, wani dattijo, ya saurari Baba, ya girgiza kai ya ce, "Malam, ai kayan nuni ne wanga. Duk inda baƙi za su, can ake kai su. Ku ne na uku, gobe ma wani ƙauye za a kai." Na ɗaga kai na ga labulen wata taga ya motsa, na ga rabin fuskar Malam Sanusi, sannan labulen ya koma. Baba bai nemi ganinsa ba. Ya je ya kwance mayafin matarsa daga bakin duro, ya ninke ya sa a aljihu, muka juyo. A ranin nan mutumin da ya gaji garka daga ubansa ya koma dakon kwandunan tumatirin wasu a kasuwa. Biron nan mai launi huɗu kuwa na jefa shi a rijiya.

Yanzu tiyon ɗigo ya zama kayan shago, samari suna shimfiɗa shi a garake suna cika duro da injin hasken rana, kuma yana yi musu aiki. Wannan ne ya fi ci mini rai, abin ba ƙarya ba ne, wanda ya kawo shi ne ya ci amanarmu. Baba ya kafa sabon jigo shekarar da ta biyo baya, ya ci gaba da ja har bayansa ya lanƙwashe, kuma bai sake zama inuwa ɗaya da malamin gona ba. Bara, da yake yanzu ina koyarwa, na sayi duro da tiyo da albashina, ni da ƙanena muka shimfiɗa masa a garka. Ya zo da sandarsa, ya durƙusa da ƙyar, ya taɓa damshin da ke gindin shuka, na ga fuskarsa ta saki kamar ta ranar baƙi. Sai ya ɗago ya dube ni ya ce, "Ɗiyata, yaushe za su zo su ɗauka?"

Na ce babu mai zuwa, Baba, namu ne. Ya gyaɗa kai, amma ya hana a taɓa jigonsa. Ashe ranar Juma'ar can ba tiyo kaɗai na naɗe na miƙa ba, har da yardar Baba.