Dogon Cokalin Mai Fenti

Sunansa na yanka ya daɗe da bin ruwa. Kowa Mai Fenti yake kiransa, alhali bai taɓa riƙe burushi da hannunsa ba. Dillalin gidaje ne, kuma yadda yake sana'ar ne ya jawo masa laƙabin. Ka ba shi gidan da bangonsa ya sha ruwa har ya yi tumbi, ba zai nemi magini ba, ba zai nemi mai gyaran famfo ba. Bokitin farin fenti zai aika. Ana gobe za a zo duba gida sai a shafe ko'ina tas, a buɗe tagogi wari ya fita, a jingina tsohuwar kujera daidai inda tsagar ta fi buɗe baki. Mai neman haya ya shigo ya ga ɗaki fari fat, ya biya, ya tare. Ruwan sama na fara sauka fentin zai soma ɓarewa yana faɗa wa mutane a miya. In an zo masa da ƙorafi sai ya buɗe hannuwa ya ce ai ranar da aka gani lafiya lau yake, shi ma bai san gida yana canza hali ba.

Ba shi da ofis, kuma bai ga amfaninsa ba. Yana da babban teburi a gidan abincin Anti, ƙarƙashin fanka, kusa da wurin cajin waya, inda ido ɗaya ke kan ƙofar shigowa, ɗayan kan ƙofar kicin. Ita kanta Anti ta hannunsa ta kama hayar wurin, kuma bangon baya, na kusa da wurin wanke hannu, tun shekarar farko yake zubar da hawaye. Ta yi magana har ta gaji. Ta bar shi a teburin ne saboda yana jawo mata masu ci, amma duk sanda ta ajiye masa faranti sai ta dire shi da ɗan ƙarfi.

A teburin nan ya yi rantsuwar da ta fi gashin kansa yawa, a nan kuma ya gina tumbin da ke riga shi shiga ɗaki. Abincinsa ba ya canzawa: shinkafa tsibi guda, soyayyiyar kaza da fatarta, soyayyen dankali a gefe, lemon kwalba biyu, ɗaya ya tura abinci, ɗaya ya tura ɗan'uwansa. Daga ƙarshe yankan kek, domin a cewarsa rashin tarbiyya ne a bar baki da ɗanɗanon gishiri.

Sabon takalmi ne ya fara tona masa asiri. Ya ci masa ɗan yatsan ƙafar hagu, ciwo ɗan mitsitsi wanda ko yaro ba zai yi wa kuka ba, sai dai ya ƙi warkewa. Matarsa, mace mai haƙuri irin wanda ke sa miji ya ɗauka ba ta da wayo, ta tasa shi gaba zuwa asibiti. Likita, wata mai tabarau da ba ta ɓata kalma, ta duba yatsan, ta sa aka ɗebi jini, sannan ta ce ciwon suga ne, kuma ba jiya ya shigo ba. Muddin bai sauka ba, ciwon nan ba zai rufe ba, gaba zai ci.

"Ko ka gyara farantinka," in ji ta, "ko mu rage maka ƙafa. Zaɓi na wurinka."

Wannan ta shige shi. Dillalin da ba ya iya hawa bene ya nuna ɗaki ai ya zama mai gadin teburi. Ta bayyana masa yadda zai yi tunda a waje yake cin rana: rabin faranti ganye, kifi ko kaza gasasshe maimakon soyayye, shinkafa kamar cikin tafin hannu, ruwa a madadin lemo. Ya yi ta gyaɗa kai, irin gyaɗawar da yake yi wa mai haya idan yana bayanin yoyon rufi.

Washegari ya shiga gidan Anti kamar wanda ya ci zaɓe. Daga bakin ƙofa ya ɗaga murya ya yi oda don kowa ya shaida: salak, gasasshen kifi, ruwa zalla. Da aka kawo sai ya gyara farantin, ya juya shi wajen haske, ya ɗauki hoto ya tura wa matarsa. Ita kuma baiwar Allah ta amsa da addu'a. A gida ta riga ta juyar da tukunya gaba ɗaya saboda shi. Yara suna cin dafaffen kabeji suna hararar uban da ya jawo musu, ita ma ta bar shayi mai siga don kada ya gani ransa ya biya.

Hoto na tafiya sai aiki ya fara. Da farko ya nemi a ƙaro mayonis, ya kwarara har ganyen ya nitse, ba ka ganin kore sai ka tona. Lemon kwalba ya bar shi da gaske, ya koma jug guda na ruwan 'ya'yan itace da aka zuba wa siga, yana cewa ai daga bishiya ya fito, bishiya kuwa ba ta cutar da mutum. Amma babbar fasaharsa tana wajen baƙi. Duk wanda ya zo neman gida sai ya zaunar da shi, ya ce ba a maganar muhalli da yunwa, ya kuma zaɓa masa abin da zai ci. Kai saurayi ne, jininka na gudu, ci kaza. Ke kuma Hajiya dankalin nan na yau ba a ba yaro mai ƙiwa. Shi dai, ya dafa ƙirji, likita ta hana shi, sai kallo.

Kallon ba ya daɗewa. Ana cikin zancen ɗaki biyu da falo sai cokalinsa ya miƙe ya tsallaka teburi.

"Bari in ji muku gishirinsa, kicin ɗin nan wani lokaci hannunsu na zarcewa."

Gishirin bai taɓa jiyuwa a loma ɗaya ba. Sai ya ji na shinkafa, ya ji na dankali, ya ɗauke fatar kaza don ya raba baƙo da maiƙo, ya taimaka da cinyar tunda ya ga kamar an ƙoshi. Mai neman gida kuwa ba ya son ɓata wa dillali rai, sai ya yi murmushin yaƙe ya janye hannu. Akwai wani magidanci da ya tashi daga teburin nan ya tsaya a shagon gaba ya sayi burodi.

Kada a ɗauka Mai Fenti yana ganin ha'inci yake yi. A lissafinsa, abin da mutum bai yi oda ba ba ya hawa kansa. Likita ta ce ya gyara farantinsa, ga shi ya gyara, har da shaidar hoto. Ba ta ce komai a kan farantin jama'a ba. Har wa'azi yake yi wa teburin kusa, baki na ƙyalli da man kazar wani, yana cewa mutanen yanzu da haƙoransu suke haƙa kabarinsu.

Idan ranar komawa asibiti ta matso, sai a fito da bokitin fenti. 'Yan kwanaki kafin nan cokali ya koma gida. Ganye tsurarsa, ruwa, fuska a murtuke, ko baƙo ba ya zaunarwa. Ranar kuma ya tafi da cikinsa wayam, a huda yatsa, lambar suga ta fito da dama-dama. Ya fito yana taku ɗai-ɗai, ya ce wa matarsa ta gani, shi mutum ne mai riƙe alkawari. Daga asibitin kai tsaye gidan Anti, don a buɗe baki a farantin wani bawan Allah.

Yatsa dai bai san da wannan yarjejeniya ba. Ya kumbura, ya canza launi, ya fara wari, maƙwabcinsa ma ya soma kamawa. Mai Fenti ya yi masa abin da ya iya: hoda, safa mai kauri, turare a bakin wando. A gida ya hana matarsa gani, wai an ce kada iska ta taɓa.

Likita ce ta cire safar. Ta dubi ƙafa, ta dubi lambar da aka rubuto mata, ta sake duban ƙafa. Ta ce waɗannan biyun ba daga jiki ɗaya suka fito ba, za a yi wani gwajin daban, yau ɗin nan. Ya ce a bari sai mako mai zuwa, yana da uzuri. Ta ce ko ya kai wata ba zai canza komai ba, domin shi wannan gwajin ba ruwansa da abin da aka ci jiya ko shekaranjiya, labarin watannin baya yake bayarwa.

Ran Mai Fenti ya ɓaci, ɓacin ran mai gaskiya da aka zalunta.

"Haba Likita. Ai ba a zuwa duba gida da guduma. Abin da aka nuna maka shi kake gani."

"Ni ba haya zan kama ba," ta ce, ta miƙa wa ma'aikaciyar jinya takarda.

Sakamakon ya fito a sama can, inda ko lif ɗin hawa bene ba ya kaiwa. Matarsa ta riƙe waya tana nuna wa Likita hotuna ɗaya bayan ɗaya, ganye, kifi, ruwa, ganye, kifi, ruwa, tana cewa wallahi yana ƙoƙari, ko dai injin ne ya samu matsala. Shi kuma ya kama wannan igiya da hannu biyu, ya ce dama injinan yanzu ba su da aminci. Likita ba ta yi musu ba. Ta ba da magani, ta sa ranar da za a duba ko yatsun za su tsira, ta ce wa matar hoto ba ya nuna abin da ke gefensa.

Maganar nan ta kwana ta tashi a ran matar.  Da rana tsaka, lokacin da gidan abinci ya cika, ta yafa mayafi ta tafi. Anti ta gan ta a bakin ƙofa, ta gane ta, ta kuma gane abin da ya kawo ta. Ta ce ita dai abin da ya yi oda shi take ba shi, ba ta taɓa ƙara masa ko ƙwayar shinkafa ba, sauran bayani kuwa ga shi can ƙarƙashin fanka, ido ya fi kunne.

Yana zaune ya ba ƙofa baya, abin da bai saba ba, don baƙin ranar, wani ango da amaryarsa, sun riga shi kujerar da ke kallon ƙofa. Mutumin da ke jiran hukunci a kan ƙafarsa, ka ce zai ji tsoro ko na mako guda. Ina! Gwaji ya riga ya wuce, fenti ba shi da sauran amfani, to me za a fasa? Salak ɗinsa na gefe ba a taɓa ba. Hannunsa na dama na riƙe da cinyar kazar ango, na hagu na jawo dankalin amarya, yana yi musu bayanin wani ɗaki mai iska a hawa na uku.

Matar ta tsaya daga gefe, ta ɗaga waya, ta gyara ta wajen haske yadda ya dace, ta ɗauka, ta tura. Wayarsa ta yi ƙara a kan teburi. Ya goge yatsa ɗaya a jikin wando ya buɗe. Ya daɗe yana kallon kansa. Da ya waiwayo, abin da ya fara fitowa daga bakinsa shi ne gishiri yake ji musu.

"Ji da kyau, Baban yara," ta ce. "Mu muna gida muna cin kabeji."

Ta juya ta fita, ba ta ko ɗaga murya ba. A daren ranar yara suka ci soyayyiyar kaza, shi aka ajiye masa nasa ganyen a rufe.

Yatsu biyu aka cire. Likita ta ce ƙafar ta tsira da kyar, kuma saura ya rage nasa. Ya yi makonni a kwance, gidajen bene duk suka koma hannun wasu dillalai, shi aka bar shi da na ƙasa da shaguna. Duk wanda ya zo dubiya sai ya ji labarin yadda likitocin zamani ba su da kara, mutum ya je musu da mutuncinsa su kama tone-tone.

Ranar da ya koma gidan Anti, yana dogara sanda, ya tarar an ba wasu babban teburin. Matarsa ta riga ta zo sun yi magana, mace da mace. An ajiye masa wani ɗan teburi mai kujera ɗaya, wanda faranti biyu ba sa zama a kansa, can baya kusa da wurin wanke hannu, fuskarsa na kallon bango. Mai son magana da dillali sai ya gama cin abincinsa, ya wanke hannu, ya tsaya a kansa su yi. Mayonis kuma an ce ya ƙare, kuma kullum ƙarewa yake yi.

Ya dubi bangon. Ya san shi sarai. Fentin ya kumbura ya yi ɓawo, tsagar ta sauko tun daga sama har ta wuce bayan teburin. Yana zama wani ɓawo ya saki ya faɗo a gefen kifinsa. Ya kira Anti, ya ce wannan wane irin wulaƙanci ne, a rasa inda za a ajiye babban mutum sai nan.

Anti ta dire masa kofin ruwa.

"Wurin ne ke buƙatar abu mai faɗi a gabansa," ta ce. "A wajenka na koya."

Ya tsince ɓawon fentin da cokali, ya waiga dama, ya waiga hagu. Faranti mafi kusa ya fi ƙarfin hannunsa ko da ya haɗa da sanda. Sai ya sunkuya ya fara cin ganyen.