Gambo Mai Cin Itace

Ko da zan manta komai na zamanmu a Ingila, ranar da muka gane wane ne Gambo ba za ta fita raina ba.

A lokacin Baba yana wurina a Gorton. Tsufa ya kama shi, sai ya tsiri wata hira da ba mu taɓa ji ba. Kullum cewa yake kakansa a cikin Gambo ya yi rayuwa, Gambo itace yake ci, idan ya yi tari gari guda ya watse. Mu kuwa Gambo da muka sani sunan yaron da aka haifa bayan tagwaye ne. Ta yaya mutum zai zauna a cikin mutum?

Yayana da ke Ladywood ya yanke hukunci tun a waya. "Gigin tsufa ne. Ki kawo shi Birmingham mu ga GP, likitanmu na nan, a nema masa care home, gidan kula da tsofaffi." Ni dai hankalina bai kwanta ba, don mutumin da bai taɓa rikita raka'a ba, da wuya a ce kansa ya juye. Amma wa zai ja da Yaya?

Ranar Lahadi muka isa. Da yake sai Litinin za a ga likita, muka fita da Baba wani lambu ya sha iska. A bakin tafkin lambun wasu tsofaffin Turawa na wasa da ƙananan jiragen ruwan da suka ƙera da hannu. Ɗaya yana fitar da hayaƙi na gaske, da wata ƙafa kamar ta keke tana juyawa a bayansa, ga 'yar igwa a gaba. Baba ya tsaya cak, ya ɗaga sandarsa.

"Ga Gambo nan!"

Yaya ya kalle ni, irin kallon nan na kin gani ko. Kunya ta sa na matsa na ba mai jirgin haƙuri, na tambaye shi wane irin jirgi ne. Ya ce, "Gunboat." Na ce ya maimaita. Ya sake faɗa: gunboat, wato jirgin ruwan yaƙi mai igwa. Ashe kalmar ce bakin kakanninmu ya tauna har ta koma Gambo.

Baturen ya ce irinsa ake ƙerawa gunduwa-gunduwa, a kai bakin Kwara a harhaɗa, kuma cikinsa a shafe yake don kada yashi ya riƙe shi. Ina fassarawa, Baba na riga shi. Ya ce kakansa ne mai zuba masa itace a wuta. Da aka gama yaƙe-yaƙe aka cire igwar, ya koma dakon gyaɗa, daga baya aka yar da shi a gaɓar Lokoja. A kan gangar jikinsa mai tsatsa Baba ya koyi tsalle cikin ruwa yana yaro.

Sai muryar Baba ta yi ƙasa. Ya ce kakan bai taɓa ganin garin da aka harba ba, yana can ƙasa cikin zafi. Ƙarar kawai yake ji, sai ihun mata. Har ya rasu ba ya iya zama inda ake hura babbar wuta.

Baba ya sunkuya yana leƙen 'yan mutum-mutumin da aka jera a saman jirgin, duk masu fararen huluna. Ya ce, "Tambaye shi, ina masu wuta?" Baturen ya ce bai sa su ba, tunda suna ƙasa, ba a ganinsu. Baba ya gyaɗa kai. "Gaskiyarsa. Ba a ganinsu."

Muka koma gidan Yaya. Washegari ba a je wurin GP ba. Yaya da kansa ya haɗa shayi, ya zauna a ƙasa gaban Baba ya ce, "Baba, faro mana daga farko."

Daga baya Baba ya rasu a ɗakina, cikin hankalinsa. Da ba mu bi ta bakin tafkin nan ba, da mun kai shi inda babu mai jin Hausa, kakansa kuma ya sake ɓacewa a ƙasan jirgi. Tun daga ranar, idan tsoho ya faɗi abin da ban gane ba, ba na cewa ya rikice. Cewa nake ya ƙara mini bayani.