Zauren da Na Sa wa Rigar Siminti

Gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni: wawan wannan labari ni ne.

A tubali na tashi. Mahaifina magini ne, zauren gidanmu ma shi ya ɗora shi da hannunsa, kuma ban da zauren nan bai bar min komai ba sai ciwon baya. Da kaka ta wuce mukan sauka kududdufi mu haƙo jar ƙasa, mu tattake ta da ciyawa, mu mulmula, mu jera a rana. Kowace shekara kuma, kafin ruwa ya sauka, sai an yi wa bango yaɓe. Ka gama na bana, na baɗi yana jiranka.

Da gari ya fara faɗi, masu injin bulo suka kafa rumfa a bakin titin Tsanyawa, aka daina kiranmu. Ni kuwa da na yi aji huɗu a firamare, ina jin kaina saura ƙiris in zama injiniya, sai na ga bai dace zaurena ya zauna tsirara ba. Na sayo siminti na shafe bangon tas, har na ja layi da ƙusa don a ɗauka bulo ne.

Ƙanin mahaifina, wanda ya tsufa a kan bango, ya zo ya ƙwanƙwasa da sandarsa.

"Ɗana, siminti ba ya kama ƙasa. Ruwa zai bi ta baya, ba za ka gani ba."

"Baba, zamani ya canja."

Ya ce to, ya wuce.

Damina uku ina zaune a inuwa ina yi wa maƙwabta sannu da yaɓe, da ƙarfi, don su ji. A ta huɗu, bayan ruwan kwana biyu, da hantsi bangon gabas ya zauna. Ashe ta wata tsaga a gindin indararo ruwa yake shiga, ƙasar ta zama kunu a ciki, simintin yana tsaye a waje kamar ɓawon ƙwai. Azara ta biyo baya.

Ni da ƙanin mahaifina muka tsaya a kan tarin, tsohon yana tona shi da sanda. Sake ginin kuwa babu mai yi: gwiwata ta daina tattaka ƙasa, tasa ta riga tawa, masu iyawa kuma duk sun koma bulo. Na gyara murya.

"Baba, ruwan bana ne ya yi yawa."

Bai ko ɗago kai ba.

"A gidanka kaɗai aka yi shi?"